Wai nitrojin ɗin hayaƙin mota ba taki ba ne kyauta daga sama?

Manomin_Zamani:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masana su warware mini. Kullum sai a ce motoci da injina suna fitar da oksayid ɗin nitrojin, wai yana lalata muhalli. To ni dai abin da na sani, iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari nitrojin ce, kuma ba ta taɓa kashe kowa ba. Mu manoma kuwa da kuɗinmu muke sayen nitrojin a buhu mu zuba wa gona. Idan hayaƙin mota na ɗauke da shi, ruwan sama ya wanko shi ya sauke mana a ƙasa, ashe ba taki ba ne kyauta? Baƙin hayaƙi na yarda da cutarsa, ido na gani, hanci na ji. Amma wannan a ganina an zuzuta shi. Mai hujja ya kawo.

Malamin_Kimiyya:
Wa alaikumus salam Malam. Kashi 78 ɗin da ka faɗa haka yake. Sai dai nitrojin ɗin da ke cikin iska a ɗaure yake bibbiyu, ƙulli mai ƙarfin gaske, shi ya sa yake shiga huhunmu ya fito yadda ya shiga bai taɓa komai ba. Ko shuka ba ta iya cin sa a haka. Da tana iyawa da ba ka taɓa sayen taki ba.

Abin da ke kwance ƙullin nan zafi ne. A cikin inji, inda wuta ke haura digiri 1,500, nitrojin da oksijin na iskar da injin ya zuƙa sai su haɗe su zama wata iska da ake rubutawa NO. Shi ba shi da launi. Da ya fito daga salansa ya gauraya da iskar waje, sai ya rikiɗe ya koma NO2, mai launin ƙasa-ƙasa da wari mai yaji a hanci. Su biyun ake haɗawa a rubuta NOx, wato oksayid ɗin nitrojin da ka ambata. Ku riƙe wannan da kyau: a mota yawancinsa ba daga cikin mai yake fitowa ba, daga iskar kanta yake. Ko man ya kai ƙarshen tsabta, muddin wuta ta yi irin wannan zafin a cikin iska, sai an samu. Mota, jirgin ruwa, jirgin sama, janareta, tashar lantarki mai ƙona kwal ko gas, masana'antar siminti, duk kanwar ja ce.

Abu_Fatima:
Ni ina bayan Manomi. Ai walƙiya ma tana yin wannan abin, an koya mana a makaranta. Idan guba ne, ya aka yi duniya ta rayu da walƙiya tun fil'azal?

Malamin_Kimiyya:
Abu Fatima, walƙiya na yi, ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa ma suna fitar da nasu. Har a 1903 wasu mutum biyu a Norwe, Birkeland da Eyde, suka kwaikwayi walƙiya da wutar lantarki, aka riƙa yin taki daga iska da dabarar tasu. Amma walƙiya can sama take aikinta, a warwatse a faɗin duniya. Na mota a bakin titi yake fita, ƙasa-ƙasa, kusa da hancin ƙaramin yaro, kuma abin da ɗan'adam ke fitarwa yanzu ya ninka na walƙiya sau da yawa.

Nas_Hadiza:
Malam Manomi, a ajiye gona tukuna a yi maganar ƙirji, don nan ne aikina. NO2 ba ya saurin narkewa a ruwa, saboda haka danshin hanci da maƙogwaro ba ya tare shi, sai ya zarce can ƙasan huhu inda hanyoyin iska suka fi ƙanƙanta, ya sa su kumbura. Mai lafiya ba lallai ya ji komai ba. Amma yaro mai asma, shi za ka gani an kawo da tsakar dare, haƙarƙari na shiga yana fita, numfashi na fito, ya kasa haɗa kalma biyu, uwarsa na riƙe da shi tana salati. Wanda ya taɓa tsayawa a kan irin wannan yaron ba zai ce an zuzuta ba.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke ma'aunin NO2 da take ba da shawara a kai daga mikrogiram 40 zuwa 10 a kowace mita kubik ta iska, a matsakaicin shekara. Wato an gano cutar tana farawa ƙasa sosai da inda aka zata a da. A Landan kuma, a Disambar 2020, mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya yi ajalin wata yarinya 'yar shekara 9 mai asma, wadda ta rasu a 2013. Gidansu na dab da wani babban titi, NO2 na wurin kuwa ya wuce abin da doka ta yarda da shi.

Tsohon_Direba:
Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na ci ƙuruciyata a kan babbar mota. Idan ka doso babban birni da asuba, lokacin sanyi, iska ta kwanta, tun daga nesa za ka hango wani abu ruwan ƙasa ya shimfiɗu a saman garin. Ba ƙura ba ce, ƙura na san ta. Idan kuma ka shiga layin manyan motoci aka tsaya cak, kowa ya ƙi kashe inji, ba ka jimawa za ka ji ido na yaji, maƙogwaro na ƙaiƙayi, da dare ka yi ta busasshen tari. A lokacin gajiyar hanya muke ɗora wa laifi. Yau ga ni ina fama da ƙirji, kuma ban taɓa sa taba a bakina ba.

UmmuKhalil:
Allah Ya ba ka lafiya Baba, Ya sa kaffara ne.

Gaskiya_Dokin_Karfe:
Ai wannan iskar ce ke kashe gida guda idan sun kwana da janareta a kunne. Me kuma ake jira kafin a gamsu?

Nas_Hadiza:
A'a ɗan'uwa, kada a cakuɗa. Wancan kabon monoksayid ne, ba wari ba launi, yana kama jini ya hana shi ɗaukar oksijin, mutum ya zarce daga barci. NO2 huhu yake ci, kuma yawanci a hankali. Janareta na fitar da su duka biyun, don haka wurinsa waje ne, nesa da taga da ƙofa.

Ɗalibar_Muhalli:
Bari in mayar da mu gona, don tambayar Malam Manomi kan gona ce, kuma a ganina shi ne ma ya fi kowa asara a wannan lamari.

NO2 ba ya zama yadda yake idan rana ta doke shi. Hasken rana na fasa shi, ƙwayar oksijin ɗaya ta ɓalle, ta manne wa oksijin na iska, a sami wata iska mai cutarwa da ake kira ozon. Idan akwai tururin fetur, na fenti da makamantansu a cikin iskar, sai aikin ya riƙa zagayawa, ozon ya yi ta taruwa, musamman da rana tsaka a lokacin zafi. Wanda ya gano wannan shi ne Arie Haagen-Smit, ɗan asalin Holan da ke koyarwa a Kalifoniya, a farkon shekarun 1950. Lokacin Los Anjeles na fama da wani hazo mai sa hawaye, manoman kewayen birnin na ganin ganyen amfaninsu na lalacewa ba ƙwaro ba cuta, tayoyin mota na tsattsagewa kafin lokacinsu. Ya haɗa tururin mai da NO2 a ɗakin gwaji, ya haska musu haske, ya sami irin hazon, ya sa wa tsirrai, ganyensu ya yi irin lalacewar da ake gani a gonaki.

Ganye na da ƙananan ƙofofi da yake numfashi ta cikinsu. Ta nan ozon ke shiga ya ƙona naman ganyen daga ciki. Ganyen ya tsufa da wuri, ya rage haɗa abinci, ƙwaya ta ƙi cika. Alkama, waken soya, wake da auduga na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Abin takaicin shi ne sau da yawa ba ka ganin komai a ganye, sai ranar awo ka ga buhu ya ragu, ka ɗora wa iri ko ƙarancin ruwa laifi.

Manomin_Zamani:
Malama na gode, wannan bayani ya shige ni. Amma gonata nesa take da birni, mota sai jefi-jefi. Ina ruwana da hazon birni?

Ɗalibar_Muhalli:
Nan ne abin ya fi ban haushi Malam. Ozon ba nan take yake haɗuwa ba, yana ɗaukar sa'o'i, kafin nan iska ta kwashi kayan haɗin ta yi gaba da su. A tsakiyar birni kuma, sabon NO da ke fitowa daga salansa yana cinye wani ɓangare na ozon ɗin. Shi ya sa sau da yawa idan an auna, ozon ya fi yawa a karkarar da iska ke bi bayan ta ratsa birni fiye da kan titin da hayaƙin ya fito.

Dan_Sakandare:
Anti Ɗaliba ki yi haƙuri, na rikice. Ba ozon ne ake cewa yana kare mu daga zafin rana ba, har ana kukan ya huje? Kuma na ji an ce iskar nitrojin ce likitan haƙori ke shaƙa wa mutum.

Malamin_Kimiyya:
Ɗana, tambayoyinka biyu duk suna kan hanya. Ozon ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta. Wanda ke can sama, kimanin kilomita 15 zuwa 35, shi ke tare mugun hasken rana. Wanda ke nan ƙasa inda muke numfashi cuta ne ga huhu da ganye, kuma ba ya hawa ya cike gurbin na sama.

Na likitan haƙori kuwa wani ne daban, N2O ake rubuta shi, ba ya cikin NOx. Shi ba ya yaji a ido, amma yana riƙe zafi a duniya kusan ninki 273 na kabon dayoksayid idan aka auna a shekara 100, yana wuce shekara 100 a sararin sama, kuma yana cin wancan ozon na sama. Babbar hanyarsa daga hannun ɗan'adam ita ce noma: takin zamani da kashin dabbobi da aka zuba fiye da abin da shuka ke iya sha.

Manomin_Zamani:
To ga shi an zagayo an ɗora mana laifi mu manoma. Mu daina sa taki ne jama'a su kwana da yunwa?

Malamin_Kimiyya:
Ba wanda ya ce haka Malam. A sa daidai bukata, a raba shi kashi-kashi, a binne shi maimakon a watsa a bar shi a sarari. Wanda ya tashi sama ko ruwa ya tafi da shi ai kuɗinka ne ya tafi.

Bakanike77:
Ku bari in faɗa muku inda gizo ke saƙa, don ni kullum ina ƙarƙashin mota. A jikin salansa akwai wani kumburarren wuri, wanda mu a gareji muke ce wa indomi. Idan ka yanka shi za ka ga wani farin abu mai ƙananan ramuka jere reras kamar saƙar zuma. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada, filatinam, faladiyam da rodiyam. Shi rodiyam ɗin ne ke kama NOx ya raba shi, ya koma nitrojin da oksijin yadda suke tun farko. Lafiyayye yana kashe mafi yawan gubar kafin ta fita.

To me ake yi? Mota na zuwa, sai a ce wa mai ita ya toshe, shi ke hana ta gudu, a fasa shi da ƙarfe a zazzage, a mayar da fanko a yi walda. Wani da sanin mai motar, wani a ɓoye, saboda akwai masu saye don ƙarafan ciki. Na sha karɓar mota in ƙwanƙwasa wurin in ji yana amsawa fayau, mai ita bai ma sani ba. Motar tana tafiya lafiya, hayaƙinta ba baƙi, kowa na ganin garau take, alhali tana zubar da ninkin abin da ya kamata. Idan da gaske ya toshe, akwai dalili, ko injin na shan baƙin mai, ko filogi ya mutu ɗanyen fetur na wucewa. A gyara dalilin, a sa wani. Ni dai ba na fasawa, ko za a kai aikin wani wuri.

Tsohon_Direba:
Allah Ya yi maka albarka yaro. To mu masu dizal fa? Ban taɓa ganin irin wannan a tsofaffin motocinmu ba.

Bakanike77:
Amin Baba. Dizal matsalarsa daban. Yana aiki da iska mai yawa fiye da man da yake ƙonawa, ga matsi ga zafi, shi ya sa yake da tsimin mai, shi ya sa kuma yake haifar da NOx da yawa. Saboda oksijin ya yi yawa a hayaƙinsa, indomi irin na motar fetur ba ya iya raba NOx a wurinsa. Sababbin suna zuwa da ƙaramin tanki na daban mai shuɗin murfi, ana zuba wani ruwa da ake kira AdBlue. Ana fesa shi cikin salansa mai zafi, ya zama amoniya, ita kuma ta haɗu da NOx su koma nitrojin da tururin ruwa. Akwai kuma bawul da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin inji don ya rage zafin wuta. Shi ma mutane na toshe shi, na AdBlue kuma a sa kwamfuta a kashe shi don a huta da saye.

Manomin_Zamani:
An ce mini AdBlue ɗin nan yuriya ce kawai. Da gaske ne? Irin tamu ta gona?

Bakanike77:
Yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tataccen ruwa. Amma kada wanda ya jiƙa ta buhu ya zuba, dattin cikinta zai kashe masa na'urar gaba ɗaya.

Injiniya_Mai_Nazari:
Ƙari kan maganar Bakanike, ba ƙananan gareji kaɗai ke wannan ba. A Satumbar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin da ake gwada mota. A ɗakin gwaji sai ta kunna duk matakan tace hayaƙi, a kan titi ta sassauta su. Wasu motocin na fitar da NOx har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin da kansa ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 ne a duniya. Asirin ya tonu ne saboda wasu masu bincike na wata jami'a a Amurka sun ɗaura na'urar awo a bayan mota sun hau titi da ita. A Turai ma'aunin Euro 6 ya kayyade miligiram 80 na NOx a kowace kilomita ga ƙaramar motar dizal, 60 ga ta fetur, kuma bayan wannan badaƙala aka wajabta gwaji a kan titi na gaske.

Abu_Fatima:
To kun gani. Su suka ƙera, su suka yi maguɗi, su suka cika sama da hayaƙi shekara da shekaru, sannan a zo ana yi wa talaka mai tsohuwar mota wa'azi. Ni wannan ne ke ƙona mini rai.

Ɗalibar_Muhalli:
Yaya Abu Fatima, ɓacin ranka na da tushe. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, mafi yawansu zuwa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, da yawa kuma ba za su ci jarrabawar hayaƙi a inda suka fito ba. Amma NO2 ba irin kabon dayoksayid ba ne da ke yawo a duniya shekaru. Sa'o'i yake yi zuwa kwana guda ko makamancin haka. Wanda ke shiga huhun ɗanka yau, daga titin da ke kusa da kai ya fito yau. An ga haka ƙarara a 2020 lokacin kullen korona: tauraron ɗan'adam na Sentinel-5P, da Turai ta harba a 2017, ya nuna yadda NO2 ya dushe a saman biranen Sin da arewacin Italiya cikin 'yan makonni. Shi ne kuma ke nuna jan tabo a saman Mpumalanga ta Afirka ta Kudu, inda tashoshin kwal suka taru.

Masunci_Ne_Ni:
An yi ta maganar huhu da ganye, ba wanda ya taɓo ruwa. Ni abin da na gani da idona: ruwan da taki ya yi wa yawa sai ya koma kore shar, gansakuka ta rufe samansa, in ta mutu ta nutse ta ruɓe, ruwan ya yi wari. Da sassafe ka ga kifi sun taso sama suna buɗe baki suna neman iska, bayan kwana biyu ka gan su birjik sun juya ciki sama. Malamai, na hayaƙi ma yana kaiwa ga haka, ko sai wanda ya gangaro daga gona?

Malamin_Kimiyya:
Yana taimakawa sosai, musamman a bakin teku. A mashigin Chesapeake na Amurka an ƙiyasta tsakanin rubu'i da sulusin nitrojin ɗin da ke shiga ruwan daga iska yake sauka. Tekun Baltik ma na fama da irin wannan.

Wannan ya dawo da mu kan ainihin tambayar, kuma ina so in yi wa Malam Manomi adalci. E, nitrojin ɗin da ke saukowa taki ne, har akwai dazuzzukan da aka ga sun ƙara girma saboda shi. Amma dubi lissafin. A yankunan Turai masu gurɓata, abin da ke sauka sau da yawa kilo 10 zuwa 25 ne a hekta a shekara, wani kaso babba ma amoniya ce daga kiwo. Masara mai kyau na iya neman fiye da kilo 100. Kenan ga gona bai taka kara ya karya ba. Ga daji kuwa ya yi yawa, domin tsirrai da dama sun saba da ƙasa maras ƙarfi, a nan suka fi kowa iya zama. Da nitrojin ya sauka, sai 'yan ciyayi masu haɗama su yi tsawo su shanye haske, sauran su ɓace, ƙwari da tsuntsayen da suka dogara da su su bi bayansu. Kuma ba ya zaɓen wuri ko lokaci, a kan tafki yake sauka, a kan dutse, a kan rufin gida.

Sannan da siffar asid yake zuwa. NO2 na haɗuwa da danshin sama ya zama asid ɗin nitirik. Ruwan sama na yau da kullum ma'aunin tsaminsa wajen 5.6 ne, wanda ya gurɓata yana sauka ƙasa da haka sosai, kuma a wannan ma'auni saukar lamba na nufin ƙaruwar tsami. Idan ya ratsa ƙasa yana wanke kalsiyam da magniziyam, ya saki alminiyam mai cutar da saiwa da kifi. Haka tafkuna da yawa a Norwe da Suwidin suka rasa kifinsu. A wancan lokacin hayaƙin farar wuta daga kwal ne ya fi laifi, amma da aka rage shi sai kason nitrojin ya fito fili. Shi ya sa bayan yarjejeniyar Jeniba ta 1979 kan gurɓatar iska mai tsallaka iyaka, aka yi ta Sofiya a 1988 musamman domin NOx.

Ɗalibar_Muhalli:
In ƙara da Holan, Malam. A dazuzzukansu masu ƙasar yashi, tsami ya wanke kalsiyam har dodon-koɗi ya yi ƙaranci, tsuntsayen da ke cin ɓawonsa suka riƙa yin ƙwai mai siririn ɓawo da ke fashewa kafin ƙyanƙyasa. A Mayun 2019 babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta rushe tsarin gwamnati na ba da izinin fitar da nitrojin, dubban ayyukan gini suka tsaya. A Maris 2020 aka rage gudun mota a manyan hanyoyi zuwa kilomita 100 a sa'a da rana, don kawai a rage NOx. Manoma kuma suka fito da taraktoci suna zanga-zanga, saboda an ce su rage dabbobi. Har yau rigimar ba ta mutu ba.

UmmuKhalil:
Ni tambayata ta cikin gida ce. An ce murhun gas ma na fitar da shi. Ina da yaro mai asma, hankalina ya tashi. In daina amfani da shi ne?

Nas_Hadiza:
Maman Khalil kwantar da hankalinki. Gaskiya ne harshen wutar gas na haifar da NO2, kuma a ƙaramin kicin da aka rufe yana iya taruwa ya fi na bakin titi. Ki buɗe taga duk lokacin da kika kunna, in akwai fanka mai zuƙe hayaƙi waje ki kunna ta, kada yaron ya zauna a kicin ana girki, kada kuma a kunna murhu don ɗumama ɗaki. In da hali, na lantarki ya fi masa. Amma kada tsoron gas ya mayar da ke itace ko gawayi, hayaƙinsu ya fi wannan illa nesa ba kusa ba.

Mai_Walda:
Mu ma a faɗa mana gaskiya. Akwai ranar da na yi aiki a cikin tanki, ba iska sosai. Na fito lafiya lau, ɗan tari kawai. Sai cikin dare numfashi ya gagara, da kyar aka kai ni asibiti. Shi ne wannan?

Nas_Hadiza:
Ya yi kama da shi ƙwarai Malam, ko da yake walda na fitar da wasu gubobin ma. Halin NO2 ke nan idan ya yi yawa a rufaffen wuri: ka fito kana jin garau, bayan sa'o'i ruwa ya taru a huhu. Manoman da ke shiga rumbun ajiye ɗanyar ciyawar dabbobi a kwanakin farko bayan an cika shi suna gamuwa da irin haka, wasu har su rasa rai. Duk wanda ya shaƙa a irin wannan wuri ya je asibiti ko yana jin lafiya, ya kuma faɗa musu aikin da ya yi.

Gaskiya_Dokin_Karfe:
Magani ɗaya ne, kowa ya koma motar lantarki a huta.

Injiniya_Mai_Nazari:
Ba ta da salansa, wannan gaskiya ne, kuma titi zai yi sauƙi. Amma in da kwal ko janaretan dizal aka yi cajinta, an dai matsar da hayaƙin ne zuwa wani wuri. Gara a babbar tasha, don bututu ɗaya ya fi sauƙin sa wa matata fiye da salansa miliyan. Ko haidurojin da ake yabo a matsayin makamashi mai tsabta, in ƙona shi aka yi a cikin iska sai ya ba da NOx, saboda dalilin da Malamin Kimiyya ya faɗa tun farko. Kada kuma a manta da manyan motoci da jiragen ruwa, su ba a cika maganarsu ba alhali kasonsu babba ne.

Manomin_Zamani:
Na karanta duka. Maganar asid da ta ozon sun shige ni, amma har yanzu ina ganin a ƙasar da ta gaji, wadda ba ta samun taki ko kaɗan, ɗan abin da ke saukowa ba zai rasa amfani ba. Malama Ɗaliba, in ozon ne ya taɓa wake, ta yaya zan bambanta shi da cuta?

Ɗalibar_Muhalli:
Duba tsofaffin ganye, ba sababbin toho ba. Za ka ga ɗigo-ɗigo ƙanana, ja-ja ko ruwan tagulla, a saman ganyen tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kansu suna nan kore. Juya bayan ganyen, yawanci za ka same shi da tsabta, ba ƙwaro ba fumfuna. Inda wani ganye ya yi wa wani inuwa, wurin da aka rufe ba ya yin ɗigon. Kan maganar gajiyayyar ƙasa kuwa, ita ce ma tsami ya fi saurin kamawa in mai yashi ce, don ba ta da abin da za ta tare shi da shi.

Abu_Fatima:
Duk na ji. Amma Bakanike, ka ce a sa sabo in ya toshe. Mutumin da da kyar yake zuba mai, wa zai saya masa? Ni har yanzu ban ga wanda ya amsa wannan ba.

Bakanike77:
Yaya, yawancin waɗanda ake fasawa lafiyarsu ƙalau, ba toshewa suka yi ba. A fara da barin waɗannan a inda suke. Mai mota ya tsaya a kan motarsa in za a taɓa salansa, in kuma zai sayi ta hannu ya sa a ɗaga ta a duba ko an taɓa yanka wurin an yi walda. Wanda nasa ya mutu da gaske kuma ba shi da hali, wannan kam ban da amsarsa, sai dai masu hukuma su shigo ciki.